Yadda Ake Fara Lambu a Filin Haɗin Gwiwa

Tuwo komai laushinsa, in babu miyar kirki, ba ya shiga. Da damina ba mu da wata damuwa wajen miya a ƙauye. Ga yakuwa, ga rama, ga lalo, ga ɗanyar kuɓewa, duk a bayan gida. Amma da kaka ta wuce sai mu koma wa kuka da busasshiyar kuɓewa wata da watanni. Wanda ke zaune a birni kuwa, rani da damina sai ya sa hannu a aljihu kafin a kaɗa miya.

Ɗanyen ganye yana da amfani ƙwarai a jiki. Alayyafo da zogale da karas da kabewa suna da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Rashinsa shi ke kawo dundumi, watau mutum ya kasa gani da zarar magariba ta yi. Yakan kuma sa ciwo ya yi saurin kayar da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata babban mutum ya ci giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kowace rana. Wannan ya kusa rabin kilo. Gida nawa ne ke iya sayen haka kullum?

To, da yawa daga cikinmu suna da 'yan'uwa a birni. Waɗansu suna zuwa cin rani, waɗansu kuma birnin ne ya cinye ƙauyensu, gonaki suka koma gidaje. Irin waɗannan mutane ba su da gona, amma ba a rasa fili a kusa da su: bayan makaranta, ko gefen rafi, ko wani kango da mai shi bai tashi gini ba. Mutanen unguwa suna iya haɗa kai su karɓi irin wannan fili, su raba, kowa ya yi ɗan lambunsa a ciki. Yadda ake fara wannan aiki shi za mu bayyana. Abin da za mu faɗa kuwa, yadda ya yi amfani a birni haka zai yi a bakin ƙauye.

Lambu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ake ban ruwa da jigo a Kano da Zariya da Katsina. A Nijar, bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tsaya tsayin daka a kan noman rani, ƙauyuka da yawa suka kewaye fili guda kusa da rijiya, maza da mata suka raba. Albasar Galmi kuwa ta yi suna har ƙasashen bakin teku. Ashe ilmin yana nan a hannunmu.

Sai dai ku lura da abu guda. Mai sabon shiga yakan fara da sayen iri, domin shi ne abin marmari. Nan kuwa iri shi ne na ƙarshe. Akwai abubuwa 5 da ke gaba da shi: fili, ruwa, shinge, yarjejeniya, da taki. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu zai sha wahalar banza.

Na Farko: Fili

Kada ku sa fartanya a filin da ba ku san mai shi ba. Sau da yawa mutane sukan gyara wuri, su zuba taki, tumatir ya fara fure, sai ga motar yashi da bulo ta iso. A Nijeriya, bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni suna ƙarƙashin gwamnan jiha, na karkara kuma ƙarƙashin ƙaramar hukuma. Saboda haka ku fara da mai unguwa ko dagaci, ya kai ku wurin mai filin ko wurin hukumar da ke da shi. In an ba ku aro, a rubuta. A sa iyakar filin, da yawan shekarun, da cewa in mai shi zai karɓi abinsa sai ya jira ku kwashe amfani. A sa hannu a gaban shaidu.

Sa'an nan ku dubi filin da kyau. Kayan lambu suna son rana, aƙalla sa'a 6 kowace rana. Ƙarƙashin babban itace ba wurin lambu ba ne, ga inuwa, ga saiwoyi masu shanye ruwa.

Ku kuma tambayi dattawan unguwa abin da aka taɓa yi a wurin. In garejin kanikawa ne, ko majema, ko inda ake fasa tsofaffin batura, ku bar shi. Irin wannan ƙasa takan riƙe dalma da sauran guba shekara da shekaru, ido kuwa ba ya ganinsu. Dalma ba abin wasa ba ce. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, sa'ad da ƙurar duwatsun zinariya ta gauraya da ƙasar gidaje.

Ga yadda ake gwada ƙasa. Ku ɗibi ƙasa mai ɗan laima, ku dunƙule a hannu. In ta watse nan take, rairayi ya yi yawa, ba za ta riƙe ruwa ba. In ta dunƙule tana danƙo kamar ta ginin tukunya, laka ta yi yawa, za ta ɗaure saiwa. Wadda ake so ita ce wadda ta dunƙule, amma da an taɓa ta da yatsa sai ta marmashe. Mai rairayi da mai laka duk maganinsu ɗaya ne, taki.

Na Biyu: Ruwa

Lambu ruwa ne. Bari mu yi lissafi tun ba mu fara ba.

Babban taku ɗaya na namiji ya kusa mita 1. A ce fangali, wanda waɗansu ke ce wa komi, faɗinsa mita 1 ne, tsawonsa mita 4. Da hunturu irin wannan fangali yana shan kimanin jarka 1 mai lita 25 kowace rana. Da bazara yakan sha ɗaya da rabi, ko 2. Mutum mai fangali 4 yana bukatar jarka 4 ke nan da hunturu. In ku 10 ne, jarka 40 ke nan, watau lita 1,000 kullum, babu Juma'a, babu ranar kasuwa.

To, rijiyarku za ta iya ba da haka? Kada ku auna ta a watan Oktoba, lokacin da kowace rijiya ke cike. Ku tambayi yadda take a Maris da Afrilu. In takan ƙafe, ku yashe ta, ko ku rage yawan fangali. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Bayan yawan ruwa, sai tsabtarsa. Ruwan kwata yana da sauƙin samu a birni, ganye kuma yakan yi kore shar da shi, amma cike yake da cuta. Kwalara da taifod da tsutsar ciki duk ta ruwan da ya haɗu da bayan gida suke bi. Latas da kabeji da karas kuwa ɗanyu ake cinsu. Ruwan da ya fito daga masana'antu ya ma fi muni. A Kano masu bincike sun sha auna ruwan Jakara da na Getsi, suka sami guba irin su dalma a cikin ruwan, har da cikin ganyen da aka yi wa ban ruwa da shi. Wanki ba ya fid da gubar da ta riga ta shiga cikin ganye. Ku nemi rijiya, ko burtsatse, ko rafi mai tsabta. Abin da ba za ku ba 'ya'yanku ba, kada ku kai wa 'ya'yan wani a kasuwa.

Na Uku: Shinge

Da rani babu kore ko'ina sai a lambunku. Kowace akuya a unguwa ta san da haka. Aikin wata 2, akuya ɗaya za ta gama da shi kafin a sauko daga masallaci. Saboda haka a gama shinge kafin a shuka ko ƙwaya ɗaya.

Darni da ƙaya sun isa a shekarar farko. A toshe ƙasa sosai saboda kaji. Ta ciki kuma a dasa shinge mai rai, kamar aguwa ko lalle. A jera zogale ta gefen ciki, inda bakin akuya ba ya kaiwa, a riƙa sare kansa don kada ya yi inuwa. Ga amfanin yin lambu tare a nan: shinge ɗaya ya kewaye mutum 10, ƙofa ɗaya, rijiya ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na Huɗu: Yarjejeniya

Abin da ya fi kashe lambun taro shi ne rigima. Rigimar kuwa takan tashi ne a kan abin da ba a faɗa ba tun farko. Ku zauna tun ran gini, ku yanke waɗannan:

Wa zai shugabanta, wa zai riƙe kuɗi, wa zai riƙe littafi? Kada mutum ɗaya ya haɗa duka.

Nawa kowa zai zuba don shinge, da igiya, da guga, da gyaran rijiya?

Wa zai fara ɗiban ruwa yau, wa zai fara gobe?

In mutum ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo, wa zai yi masa ban ruwa?

In wani ya bar nasa ya zama ciyawa, mako nawa za a jira kafin a ba wani?

Wajen rabon fangali, a yi ƙuri'a, domin kowa zai so na kusa da rijiya. Mata da tsofaffi kuwa, ya kyautu a bar musu na kusa tun kafin ƙuri'ar. Duk abin da aka yanke a rubuta, a karanta kowa ya ji. Kuɗin da ya shiga da wanda ya fita a rubuta shi a ranar.

Na Biyar: Taki

Mutanen da sun san darajar taki. Shekara da shekaru jakuna suna fita daga birnin Kano da mangala cike da shara da toka zuwa gonakin kewaye, shi ya sa ake noma gonakin nan kowace shekara ba hutu. Amma sharar yau ba irin ta da ba ce. Akwai leda, da kwalba, da batura, da allurai. In za ku ɗebo daga juji, sai kun tsince sosai. Ya fi kyau ku haɗa naku.

Ku haƙa rami a kusurwar lambu, zurfinsa zuwa ƙugu. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa da ganye, ku bi da kashin shanu ko na awaki, ku barbaɗa toka da 'yar ƙasa, ku yayyafa ruwa. Ku yi ta maimaita haka har rami ya cika. Ku soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki ku zare, in kun ji ta da ɗumi, taki yana dahuwa. Ku juya shi bayan kowane mako 2 ko 3. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, ya marmashe, warinsa ya tafi.

Kada ku zuba ɗanyen kashi a gindin shuka. Yana ƙona saiwa, musamman kashin kaji, yana kuma kawo ciyawa da cuta. Kowane fangali a ba shi bokiti 2 ko 3 na ruɓaɓɓen taki, a cuɗa da ƙasa. Takin zamani yana taimakawa, amma kaɗan ake sawa, nesa da kara, a bi shi da ruwa. Shi shuka kaɗai yake ciyarwa. Takin gargajiya kuwa har ƙasar yake gyarawa.

Gyaran Fangali

Ku kafce ƙasa zurfin taƙi ɗaya ko fiye, ku farfasa hoge, ku tsince duwatsu da saiwoyin ciyawa. Faɗin fangali kada ya wuce mita 1, domin hannu ya kai tsakiya ba sai an taka ba. Ku bar 'yar hanya tsakanin fangali da fangali.

Da rani fangali yakan zama kwari, a ɗaga masa baki ta kowane gefe don ya riƙe ruwa. Da damina kuwa sai a ɗaga shi sama kamar kunya, don ruwa ya wuce. Ku daidaita cikinsa da manjagara. In gefe ɗaya ya fi zurfi, can ruwa zai taru, ɗaya gefen ya bushe.

Me Za A Fara Shukawa?

Yanzu mun iso ga iri. Shawararmu ga mai farawa ita ce fangali 4, kada ya wuce haka a shekarar farko. Ƙaramin lambu mai samun kulawa ya fi babba wanda ya gagari mai shi.

Ku fara da alayyafo. Ba shi da wuya, kuma cikin mako 4 ko 5 an fara ci. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi kafin a yafa. In kun yanka maimakon tugewa, zai sake tohowa, ku yi ta yanka.

Kowace shuka da lokacinta. Sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin latas, da kabeji, da karas, da albasa, da tumatir. In zafin bazara ya tsananta, tumatir yakan zubar da fure, latas ya yi tsiri ya yi ɗaci. Alayyafo da kuɓewa da yakuwa su ke jure zafi. Kuɓewa ma ba ta son sanyi, in an shuka ta da hunturu sai ta tsumbure.

Ku sayi iri a wurin wanda kuka amince da shi. In na cikin takarda ne ko gwangwani, ku duba ranar da aka rubuta zai lalace. In kuna shakka, ku ƙirga ƙwaya 10, ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku ajiye mako guda kuna yayyafa ruwa. In 7 ko 8 sun tsira, irin yana da kyau.

Reno da Dashe

Karas da kuɓewa a inda za su zauna ake shuka su. In karas ya tsira, a rage shi, a bar faɗin yatsa 3 tsakani. Tumatir, da kabeji, da latas, da albasa, da tattasai kuwa, sai an rene su a ɗan ƙaramin wuri tukuna. A shuka a layi, a rufe da 'yar ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai, a yayyafa ruwa a hankali. Da sun fara tsira a ɗauke ciyawar.

Tumatir da latas da kabeji sukan isa dashe cikin mako 3 zuwa 4. Tattasai yakan kai mako 6, albasa mako 6 zuwa 8. A jiƙa wurin renon sosai kafin a cire, a ɗauko da 'yar ƙasa a jikin saiwa. A dasa da la'asar, rana ta yi sanyi, a ba da ruwa nan da nan.

Ga tazarar da ake bari. Tumatir da kabeji da kuɓewa, kamu ɗaya. Latas, taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Albasa, rabin taƙi. Mai sabon shiga yakan cunkusa, wai don ya sami da yawa. Sai shukar ta yi ta kokawa da juna, kowacce ta rame.

Kulawa

Ban ruwa da safe ne da yamma. A zuba a gindi, a hankali. Ku soka yatsa a ƙasa, in akwai laima zuwa gaɓa ta biyu, ruwan ya isa. Yawan ruwa ma yana ruɓar da saiwa. In kun shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi tsakanin shuka, ƙasa za ta daɗe ba ta bushe ba, amma ku riƙa dubawa saboda gara.

Kullum ku ɗaga ganye ku dubi ƙarƙashinsa, can ƙwari ke ɓuya. Tsutsa a tsince da hannu. Darɓa da farin ƙuda kuwa, 'ya'yan dogon yaro suna maganinsu. A daka rabin kilo, a jiƙa a bokiti mai lita 10, ya kwana, a tace, a fesa da yamma. A maimaita bayan mako guda. Shukar da ganyenta ya nannaɗe ta tsumbure, a tuge ta, a fid da ita daga lambu.

Masu tumatir ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Alamarta ita ce farin zane a cikin ganye, kamar an ƙwaƙule tsakiyarsa. In kun ga haka, ku tsinke ganyen ku binne, ku gaya wa maƙwabta da malamin gona a ranar. A lambun taro, ƙwaron da ya shiga fangalin mutum ɗaya na kowa ne.

In ya zama tilas a sa maganin kanti, a karanta takardar jikinsa, a bi awon, a kuma jira kwanakin da aka rubuta kafin a tsinka. Kada a fesa wa ganyen ci fiya-fiya. Kada a zuba ruwa ko mai a kwalbar magani.

Abu na ƙarshe, kada ku maimaita shuka ɗaya a wuri ɗaya. Tumatir, da tattasai, da attaruhu, da gauta, da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya. In kun tuge tumatir kuka ga ƙulle-ƙulle a saiwarsa, wata ƙaramar tsutsa ce da ido ba ya gani. Inda tumatir ya tashi, a sa albasa ko masara.

Kada kuma ku shuka duka rana ɗaya. Ku yafa alayyafo rabin fangali yau, rabi bayan mako 2, don kada ya zo gaba ɗaya ya fi ƙarfin tukunya. Gida shi ne farko, abin da ya ragu a kai kasuwa. Duk ganyen da za a ci ɗanye a wanke shi da ruwa mai tsabta.

Wanda ke son cin latas da hunturu, tun cikin damina zai nemi fili, ya haƙa ramin taki. Da an yi kaka ga kara ya samu, sai a yi darni. Kayan sammako, da marece akan ɗaure shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 5 ne ke gaba da sayen iri?
2. In fangali 1 yana shan jarka 1 a rana, jarka nawa mutum 6 masu fangali 4 kowannensu ke bukata?
3. Don me ba a ban ruwa da ruwan kwata?
4. Me ya kamata a shuka a inda tumatir ya tashi?
5. Ina ne a garinku za a iya yin irin wannan lambu, wa kuma za a fara tambaya?